Faɗaɗa Ƙarfin Layin Intanet a Jami'o'in Nijeriya: Nazarin Matakai, Cikas da Hanyar Ɗorewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙoƙarin da aka yi na faɗaɗa ƙarfin layin intanet a jami'o'in Nijeriya, tun daga shekarun 1990 da ake dogaro da layin tarho da tauraron ɗan'adam, zuwa saukar wayoyin ƙarƙashin teku a Legas da kafa hanyar sadarwar bincike da ilimi ta ƙasa, wato NgREN. An bi tarihin waɗannan matakai, an kuma yi amfani da lissafin rabon ƙarfin layi domin gwada abin da jami'a take saya da abin da yake isa ga ɗalibi da malami. Nazarin ya nuna cewa ƙarin megabit a ƙofar jami'a shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin, kuma ba ya haifar da amfani mai ɗorewa matuƙar ba a gyara layukan cikin harabar ba, ba a samar da tsayayyiyar wutar lantarki ba, kuma ba a ware kuɗin biyan layin na kowace shekara ba.

1.0 Gabatarwa

A yau kusan babu wani aikin jami'a da bai rataya ga intanet ba, kama daga rajistar ɗalibai da biyan kuɗin makaranta, zuwa jarrabawar da ake yi da kwamfuta, da neman mujallun ilimi waɗanda da yawansu an daina buga su a takarda. Manazarcin da yake Zariya ko Sakkwato yana buƙatar ya sauke bayanai masu nauyi, ya aika da maƙalarsa ga mujallar da take wata nahiya, ya kuma halarci taron ƙara wa juna sani ta bidiyo ba tare da ya bar ofishinsa ba. Girman wannan buƙata ya fito fili a shekarar 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda annobar korona, inda mafi yawan jami'o'in gwamnati suka kasa mayar da karatu ta intanet, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya kai har watan Disamba na wannan shekara.

Duk lokacin da ƙorafi ya yi yawa a kan nauyin intanet a wata jami'a, maganin da hukumar makaranta ta fi saurin kawowa shi ne sayen ƙarin ƙarfin layi daga kamfanin sadarwa, a sanar cewa an ninka shi sau biyu ko sau huɗu. Sai dai sau da yawa bayan 'yan watanni ƙorafin yakan dawo kamar ba a yi komai ba. Manufar wannan maƙala ita ce gano dalilin hakan, ta hanyar amsa tambayoyi biyu: waɗanne matakai aka bi wajen faɗaɗa layin intanet a jami'o'in Nijeriya, kuma a waɗanne wurare ne ƙarfin da aka saya yake zurarewa kafin ya isa ga mai amfani da shi.

2.0 Ma'anar Ƙarfin Layi da Yadda Ake Auna Shi

Ƙarfin layi shi ne yawan bayanan da layin sadarwa yake iya ɗauka a cikin sakan ɗaya, kuma ana auna shi da bit, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar bayani da kwamfuta take fahimta. Bit dubu ɗaya su ne kilobit, kilobit dubu ɗaya su ne megabit, megabit dubu ɗaya kuma su ne gigabit. Akan samu ruɗani tsakanin wannan ma'auni da wanda ake sayar da data da shi a wayar salula, domin ita data ana auna ta da bait, kuma kowane bait ɗaya yana ɗauke da bit 8. Saboda haka layin da yake da megabit 8 a sakan megabait ɗaya kacal yake saukewa a cikin wannan sakan.

Masana sukan kwatanta layin da bututun ruwa, inda faɗin bututu yake iyakance yawan ruwan da zai wuce, yawan famfunan da aka buɗe a lokaci guda kuma yake iyakance rabon kowane gida. Ana iya ganin wannan a lissafi. Idan aka ƙaddara jami'a mai ɗalibai da ma'aikata 30,000 wadda take da layi mai megabit 155, kuma kashi ɗaya bisa goma nasu kaɗai, wato mutum 3,000, suka hau layin a lokaci guda, rabon kowane mutum bai wuce kilobit 52 ba. Fayil mai nauyin gigabait ɗaya, wanda zai sauka cikin ƙasa da minti ɗaya idan mutum guda ne a kan layin, zai ɗauki fiye da awa 40 a wannan rabo. Haka kuma, tun da darasin bidiyo mai matsakaicin kyau yana cin kimanin megabit ɗaya da rabi, layin gaba ɗaya ba zai ɗauki masu kallo da suka wuce ɗari da 'yan kai ba.

Akwai wasu ma'aunai biyu da bai kamata a manta da su ba. Na farko shi ne jinkirin kai-komo, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, wanda shi ne yake sa murya ta riƙa sarƙewa a taron bidiyo ko da layin yana da faɗi. Na biyu shi ne bambanci tsakanin keɓaɓɓen layi, wanda jami'a ita kaɗai take amfani da dukkan ƙarfinsa, da layin haɗaka, wanda kamfani yake raba ƙarfi ɗaya tsakanin masu saye da yawa. Jami'ar da ba ta tantance wannan a yarjejeniyarta ba tana iya biyan kuɗin megabit 100 alhali da rana tsaka rubu'insa take samu.

3.0 Matakan Faɗaɗa Layi a Jami'o'in Nijeriya

3.1 Zamanin Layin Tarho da Tauraron Ɗan'adam

Sadarwar kwamfuta ta shiga jami'o'in Nijeriya ne a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin NUNet, wanda aikinsa bai wuce tattara saƙonnin imel a tura su ta layin tarho a wasu lokuta na yini ba. Cibiyar nazarin kimiyyar fiziks ta duniya da take birnin Trieste na Italiya ta taimaka wajen horar da ma'aikata, ta kuma tallafa wa Jami'ar Obafemi Awolowo da take Ile-Ife wajen kafa hanyar sadarwar cikin harabarta. Daga baya jami'o'i suka koma ga faifan VSAT, wato ƙaramar tashar da take sadarwa kai tsaye da tauraron ɗan'adam. Wannan hanya tana da tsada, sannan da yake irin waɗannan taurari suna nisan kilomita kusan 36,000 daga doron ƙasa, saƙo yakan ɗauki fiye da rabin sakan kafin ya je ya dawo. Binciken ATICS da aka gudanar a kan manyan makarantun Afirka a 2004 da 2006 ya nuna cewa matsakaiciyar jami'ar Afirka a lokacin ba ta fi gida guda na Turai ƙarfin layi ba, kuma tana biyan ninki mai yawa na abin da takwarorinta na sauran duniya suke biya.

Wannan tsada ce ta sa gidauniyoyin Amurka da suka haɗu a shekarar 2000 domin tallafa wa ilimi mai zurfi a Afirka, wato Carnegie da Ford da MacArthur da Rockefeller, suka shirya sayen layi na haɗin gwiwa a 2005 daga kamfanin Intelsat. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da jami'o'in Ibadan da Jos suna cikin waɗanda suka amfana, kuma sayen sari da aka yi ya saukar da farashi zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ake biya a da. Darasin da wannan shiri ya bari shi ne, jami'ar da ta je kasuwa ita kaɗai a farashin ɗai-ɗai take saye, waɗanda suka haɗa kuɗinsu kuwa su suke da bakin yin ciniki.

3.2 Saukar Wayoyin Ƙarƙashin Teku

Wayar faiba, wadda zare ne na gilashi da yake ɗaukar bayanai a matsayin haske, ita ce ta sauya lissafin gaba ɗaya. Ta farko da ta haɗa Nijeriya da Turai ita ce SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, amma da yake kamfanin gwamnati na NITEL ne kaɗai yake riƙe da tasharta a Legas, farashi bai sauko yadda aka zata ba. Gasa ta fara ne a 2010 da isowar wayar Main One daga Fotugal da ta Glo-1 daga Ingila, sannan WACS da ACE suka biyo baya a 2012. A watan Afrilun 2022 wayar Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas, a 2024 kuma wayar 2Africa ta sauka a gaɓar jihar Akwa Ibom. Ta faiba, saƙo daga Legas zuwa Landan yana zuwa ya dawo cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Tun daga wannan lokaci matsalar Nijeriya ta tashi daga ƙarancin ƙarfin layi a bakin teku ta koma ta yadda za a shigar da shi cikin ƙasa.

3.3 Kafa NgREN

Hanyar sadarwar bincike da ilimi ta ƙasa wani keɓaɓɓen layi ne da yake haɗa jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasa guda da junansu, ya saya musu intanet a dunƙule, ya kuma sada su da takwarorinsu na ƙetare irin su GÉANT ta Turai. Kenya ta kafa tata, mai suna KENET, tun 1999, Afirka ta Kudu kuma ta kafa TENET a 2000. A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tare da Kwamitin Shugabannin Jami'o'i ne suka jagoranci kafa NgREN, wadda aka ƙaddamar a 2014 da kuɗin shirin STEP-B na Bankin Duniya. A zangon farko an haɗa jami'o'in tarayya 27, kowace da layi mai megabit 155, kuma NgREN ta zama mamba a WACREN, ƙungiyar irin waɗannan hanyoyi ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya mai hedikwata a Akara.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muhimmanci ga wannan nazari. Kuɗin shirin ya sayi na'urori ya kuma biya hayar layuka na wani ƙayyadadden lokaci, amma ba a tanadi tabbatacciyar hanyar ci gaba da biya ba, saboda haka da wa'adin ya ƙare sai aikin ya yi rauni na tsawon lokaci, jami'o'i da dama suka koma ga kamfanonin kasuwa kowace da nata ciniki. Ba fasahar da aka girka ce ta gaza ba. Abin da ya yanke shi ne kuɗin haya.

4.0 Wuraren da Ƙarfin Layi Yake Zurarewa

4.1 Tazara Tsakanin Bakin Teku da Arewa

Da yake kusan duk wayoyin teku a Legas suke sauka, jami'ar da take Kano, mai nisan kimanin kilomita 1,000 daga can, tana biyan kuɗin intanet ɗin kansa da kuma kuɗin ɗauko shi, kuma sau da yawa na biyun yakan fi na farkon. Daga cikin abubuwan da suke ƙara wannan tsada akwai kuɗin izinin shimfiɗa waya da gwamnatocin jihohi suke karɓa. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita tun 2013, amma jihohi da dama sun ci gaba da karɓar dubban naira, sai a 2020 wasu suka sauko, inda jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Ga kuma yawan tsinkewar waya sakamakon aikin hanya da ɓarnar ɓata-gari, wanda ya kai gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka take karewa a 2024. Ko wayoyin teku ma ba su tsira ba, domin a ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, wato WACS da ACE da Main One da SAT-3, sun lalace a lokaci guda a tekun da yake daura da Kodebuwa, abin da ya gurgunta sadarwa a ƙasashen yankin na kwanaki. Jami'ar da take da layi ɗaya tilo, komai faɗinsa, tsinkewa ɗaya ce take raba ta da duniya.

4.2 Layukan Cikin Harabar Jami'a

Layin da kamfani ya kawo yana tsayawa ne a cibiyar kwamfuta ta jami'a, daga nan kuma alhakin makaranta ne ta rarraba shi zuwa tsangayoyi da ɗakin karatu da ɗakunan kwanan ɗalibai. A nan ne aka fi yin tuya a manta da albasa. Wayar tagulla da ake haɗa kwamfutoci da ita ba ta wuce mita 100 ba tare da ƙarfinta ya ragu ba, don haka harabar da gine-ginenta suke warwatse, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da take Samaru ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ba ta da makawa sai da faiba tsakanin gini da gini. Idan na'urar rarraba layi da take wata tsangaya tsohuwa ce mai iya ɗaukar megabit 100 kawai, to ko da jami'a ta sayi gigabit 10, wannan tsangaya ba za ta ga fiye da megabit 100 ba. Haka nan na'urar watsa Wi-Fi guda ɗaya mutum 'yan gomiya take iya ɗauka cikin inganci, ga shi kuma ana samun zauren lacca mai cin mutum 500 da na'ura ɗaya ko biyu. Ɗalibin da yake zaune a irin wannan zaure zai yi ƙorafin rashin ƙarfin intanet alhali babban layin jami'ar bai ko cika rabi ba.

4.3 Wutar Lantarki

Kowace na'ura a kan wannan hanya, daga cibiya har zuwa bangon aji, da wuta take aiki, kuma ɗaukewar wuta a gini ɗaya da layi ya ratsa ta cikinsa tana iya yanke duk gine-ginen da suke bayansa. Hawa da saukar wuta kuma yana ƙona na'urori kafin su cika shekarunsu. Shirin samar da wuta ga jami'o'i na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ya kafa tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, abin da yake nuna cewa gwamnati ta fahimci girman matsalar. Sai dai ƙarin kuɗin wuta da aka yi wa masu amfani da wuta na rukunin A a watan Afrilun 2024, inda kowane kilowat-awa ya koma naira 225, ya ƙara wa jami'o'i nauyi, har kuɗin wuta ya riƙa cinye abin da za a iya kashewa a sauran ayyuka, ciki har da intanet.

4.4 Sarrafa Layi da Kuɗin Gudanarwa

Layin da ba a sarrafa shi yakan cika komai faɗinsa, domin sauke fina-finai da sabunta manhajojin dubban wayoyi suna iya cinye shi kafin mai bincike ya buɗe mujalla ɗaya. Sarrafawa tana nufin kowane mai amfani ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, a fifita zirga-zirgar karatu a lokutan aiki, a kuma ajiye kwafin abubuwan da ake yawan nema a cikin harabar domin kada a riƙa ɗauko su daga waje kowane lokaci. Haɗuwa da cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006 kuma take da rassa a Abuja da Kano, tana sa saƙon da zai je wata jami'ar cikin gida ya daina zagayawa ta Turai. Duk wannan yana buƙatar ƙwararrun injiniyoyi, waɗanda albashin jami'a ba ya iya riƙe su idan bankuna da kamfanonin sadarwa suka neme su.

Tushen matsalar kuɗi kuwa shi ne bambanci tsakanin kuɗin kafa aiki da kuɗin gudanar da shi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa kuma yake samun kuɗinsa daga harajin da ake karɓa a kan ribar kamfanoni, da masu ba da tallafi na ƙetare, sun fi karkata ga abin da za a gina a yanke masa ƙyalle. Shi kuwa layin intanet haya ce da ake biya duk wata ko duk shekara, na'urorin kuma da dala ake sayo su, ta yadda faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ninka kuɗin sauya su.

5.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ya kamata kowace jami'a ta fara da awo kafin saye, wato ta bibiyi yadda layinta yake cika a sa'o'i daban-daban na tsawon zangon karatu guda, domin ta gane ko matsalar a ƙofa take ko a cikin gida. Idan a cikin gida take, sai a fara da faiba tsakanin gine-gine, da sauya tsofaffin na'urori, da girka batura da faifan hasken rana ga kowace mahaɗar layi. Idan an zo saye, a nemi keɓaɓɓen layi da rubutacciyar yarjejeniyar da ta fayyace tarar da kamfani zai biya idan layi ya yanke, a kuma samu layi na biyu daga wani kamfani da wayarsa take bin wata hanya dabam. Sababbin taurarin ɗan'adam masu shawagi kusa da ƙasa, irin na Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna iya zama madogara ta wucin gadi ga ƙananan cibiyoyi da suke nesa, amma ba su isa su ɗauki nauyin babbar haraba ba.

A matakin ƙasa, ya kamata a ware wa NgREN tsayayyen kaso na kowace shekara daga asusun TETFund, jami'o'i kuma su riƙa biyan kuɗin mamba gwargwadon yawan ɗalibansu, sannan a shigar da jami'o'in jihohi da kwalejojin ilimi da na fasaha domin yawan masu saye ya ƙara saukar da farashi. Gwamnatocin jihohin Arewa, waɗanda jami'o'insu ne suka fi cutuwa da nisan teku, su ne suka fi cancantar yafe kuɗin izinin shimfiɗa waya ga duk layin da zai shiga makaranta.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi yadda layin intanet na jami'o'in Nijeriya ya tashi daga saƙon imel ta tarho a shekarun 1990, ya bi ta faifan VSAT da sayen haɗin gwiwa na 2005, ya kai ga faiba da kafa NgREN a 2014. An ga cewa farashi ya sauko ne a duk lokacin da jami'o'i suka haɗa kai, aiki kuma ya tsaya a duk lokacin da kuɗin tallafi ya ƙare ba tare da magaji ba. Ma'aunin nasarar faɗaɗa layi shi ne abin da yake isa ga ɗalibi a ɗakin karatu da ƙarfe goma sha biyu na rana a tsakiyar zangon karatu, kuma jami'ar da ba ta sanya intanet cikin kasafinta na shekara-shekara tare da ruwa da wuta ba, za ta ci gaba da sayen ƙarfin da ɗalibanta ba za su gani ba.